Kuben Haƙora

Cima ce ta fara faɗa mini.
Ta ce, “Wa kake yi wa niƙa da tsakar dare?
Ba gero a bakinka, ba dawa,
amma har bayan katanga ana jin dutse kan dutse.”
Na ce ni barcina lafiya lau.
Mai barci ai ba ya shaidar kansa.

Da asuba kuwa muƙamuƙi kamar an ɗaure shi da tsirkiya,
kai yana sara ta gefen kunne,
kurkurar bakin alwala ma sai na lallaɓa.
Ran Alhamis a kasuwar Dole
na ɗora goro a turmin dama.
Goron ya tsira. Turmin ya tsage.

Likita Falmata ta haska fitila cikin bakina
ta daɗe tana kallo, kamar mai leƙen rijiya.
“Shekara nawa kana wannan aiki?”
Na ce dukanci? Tun ina goye nake jin warin jima.
Ta ce, “Ba shi ba. Na daren.”

Sai ta cika mini baki da wani kwaɓi mai sanyi,
ta ce in cije, in yi shiru.
Bayan mako ta miƙo mini roba, garau kamar ruwa,
da gurbin kowane haƙori, har giɓin da jaki ya bar mini.
Jika ashirin da biyar.
Ni da na ɗinka wa wuƙaƙen rabin Birni kube,
yau ga shi an yi wa haƙorana nasu.

Ta ce roba garkuwa ce kawai, ba sulhu ba.
Sulhun sai ni.
“Ka ce na’am. Ka ji inda harshenka ya taɓa?
Nan ne gidansa, bayan haƙoran sama.
Leɓe a haɗe, haƙora a rabe,
numfashi ta hanci.
In ka kwanta ka sallami goshi, ka sallami gira,
ka bar kumatu su zube.”

Ban gaya mata abin da nake niƙawa ba.
Jakunkuna goma sha biyun Alhaji Mutari,
da ya karɓa tun kafin azumi,
kullum “gobe”, ni kuma kullum “ba komai, Alhaji”.
Famfo da ya yi kwana tara bai ce uffan ba,
da kuɗin ’yan garuwa.
Ɗana Harisu da ya nufi arewa, wayarsa a kashe.
Duk maganar da na haɗiye da rana
ashe dawowa take yi da dare a tauna ta.

Yanzu bayan lisha ina wanke robar,
in danna ta a hankali har ta ce ƙwas.
In ce na’am cikin duhu, ba wanda ya kira ni.
Harshe ya koma gida.
In ji haɓata ta yi nauyi,
kamar duwatsun bayan unguwarmu
da ke zaune kan juna shekara da shekaru
ba wanda ke gurzar wani.

Ba kullum nake dacewa ba.
Wata safiyar sai in ga sawun haƙora a jikin robar,
in karanta shi kamar takardar bashi.
Auta ta gan ta cikin kofi,
ta ruga tana cewa Baba ya cire dariyarsa ya jiƙa.

Jiya da tsakar dare na ji hannu a fuskata.
Cima ce, yatsunta a ƙofar hancina.
Ta ce, “Shirun ne ya yi yawa.
Shekara goma sha tara da ƙarar nan nake sanin kana nan.”
Na so in ba ta amsa, bakina cike da roba.
Sai na kama hannun,
na ɗora shi nan, inda tsirkiyar take a da.